Baƙi na raguwa, ƙorafi bai ragu ba: abin da alƙaluman ƙaura ke faɗa daga Gadarif zuwa Agadez da Landan

A ƙarshen watan Maris na 2025, Hukumar Kula da Ƙaura ta Duniya, IOM, ta ba da sanarwar da aka daɗe ana jira. Yawan mutanen da yaƙi ya raba da gidajensu a cikin Sudan ya ragu, karon farko tun da faɗa ya ɓarke ranar 15 ga Afrilun 2023. Raguwar kashi 2.4 cikin 100 ce kacal, amma a jihar Gadarif an gan ta da ido, domin daga nan ne dubban iyalai suka ɗaure kayansu suka nufi Wad Madani da Sinja da Khartoum. Bayan wata biyu, a Landan, ofishin ƙididdiga na Birtaniya ya ce rarar masu ƙaura zuwa ƙasar ta faɗi da kusan rabi cikin shekara guda.

Mutum zai yi zaton idan adadi ya sauka, hankalin jama'a zai kwanta, 'yan siyasa kuma su koma kan wata maganar. A wuraren biyu ba haka ta faru ba. Maganar baƙi ta ci gaba da zafi, kuma matakan da gwamnatoci ke ɗauka sun ƙara tsauri. Bahaushen Sudan, da na zango a Ghana, da na Kamaru ko Cadi, yana da dalilin sanin yadda hakan ke faruwa, domin duk lokacin da aka fara ƙidayar baƙi, akan tsaya a kansa a yi masa kallon tambaya.

Mene ne rarar ƙaura?

Lissafin kamar na rumbu ne. Ka ƙirga damin da ya shiga, ka cire wanda ya fita, abin da ya saura shi ne rara. Masu Faransanci na kiran sa solde migratoire. A ma'aunin Majalisar Ɗinkin Duniya, wanda ake sakawa a wannan lissafi shi ne mutumin da ya sauya ƙasar zama na aƙalla wata 12, saboda haka ɗan kasuwar da ya je ya dawo, da mahajjaci, da ɗan ci-rani na wata uku, duk ba sa ciki.

Ga misali da alƙaluman Birtaniya da aka fitar ranar 22 ga Mayun 2025. A shekarar 2024 mutum 948,000 suka shiga domin zama, 517,000 suka fita, rara ta zama 431,000. Rarar shekarar 2023 kuwa 860,000 ce.

Akwai abubuwa da ya kamata mai karatu ya riƙe game da irin wannan adadi. In dai rara ta haura sifili, to ƙaura na ci gaba da ƙara yawan jama'a, sai dai saurin ƙaruwar ne ya ragu. Wanda ya ji an ce ƙaura ta faɗi da rabi, ya kuma ga unguwarsa ba ta rage ko mutum ɗaya ba, zai ce ƙarya ake yi masa, alhali shi da mai ƙididdigar duk gaskiya suka faɗa. Sannan rara takan ɓoye kai-komon da ke cikinta. Garin da mutum 10,000 suka shiga, 10,000 suka fita, rararsa sifili ce, daidai da garin da ba wanda ya motsa, amma rayuwa a cikinsu ba ɗaya ba ce. Haka kuma kiyasi ne, ana gyara shi. A watan Nuwamban 2025 ofishin na Birtaniya ya sake lissafi ya mayar da rarar 2024 zuwa 345,000, ya kuma ce a shekarar da ta ƙare a Yunin 2025 ta sauka zuwa 204,000.

Yadda Gadarif ta cika

A Gadarif kalmar baƙo ta haɗa mutane iri-iri da doka ta bambanta. Akwai waɗanda Larabcin Sudan ke kira nazihin, wato 'yan ƙasa da yaƙi ya kora daga wata jiha. Akwai laji'in, 'yan gudun hijira daga wata ƙasa. Akwai kuma 'yan ƙwadagon kaka da ke tsallakowa daga Habasha.

Karɓar baƙi ba sabon abu ba ne a nan. Tun 1967 'yan Eritiriya suka fara kwararowa gabashin Sudan. Da yaƙin Tigray ya ɓarke ranar 4 ga Nuwamban 2020, fiye da mutum 60,000 suka tsallako. Aka sake buɗe sansanin Um Rakuba, wanda aka yi amfani da shi lokacin yunwar shekarun 1980, aka kuma buɗe na Tunaidba a Janairun 2021.

Babbar ambaliyar ta zo ne daga cikin gida. Wad Madani ta faɗa hannun dakarun RSF a Disambar 2023. Sinja ta bi baya a ƙarshen Yunin 2024. A Oktoban wannan shekarar aka afka wa garuruwan gabashin Jazira irin su Tambul da Rufa'a. Kowane karo mutane da yawa gabas suke bi. Kafin ƙarshen 2024 jihar Gadarif na ɗauke da kusan mutum miliyan ɗaya da suka rasa matsuguni. Makarantu sun zama masauki, kuɗin hayar gida ya yi tashin gwauron zabi, cutar kwalara ta ɓulla a 2023 ta sake dawowa a 2024. Mutanen gari sun yi abin a yaba. Sun buɗe gidajensu, matasa sun kafa tukwanen sadaka da ake kira takaya, iyali ɗaya ya koma ciyar da uku.

Daga nan akalar yaƙin ta juya. Sojoji sun karɓe Sinja a Nuwamban 2024, Wad Madani ranar 11 ga Janairun 2025, fadar shugaban ƙasa a Khartoum ranar 21 ga Maris. Yawan nazihin a faɗin ƙasar, wanda ya kai kimanin miliyan 11.5, ya fara sauka. A watan Yulin 2025 hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya suka ce fiye da mutum miliyan 1.3 sun koma gida, ciki har da kimanin 320,000 da suka dawo daga ƙetare, akasari daga Masar da Sudan ta Kudu.

Ko a nan rarar ta ɓoye abu. Lokacin da ake komawa Jazira da Khartoum, a Darfur da Kordofan gudu ake yi, musamman bayan faɗuwar Al-Fashir a ƙarshen Oktoban 2025. Adadi ɗaya na ƙasa baki ɗaya ya haɗa murnar wasu da kukan wasu.

Me ya sa ba a ji sauƙin ba?

Hausawa sun ce gani ya kori ji. Magidanci ba ya auna yawan baƙi da rahoton IOM. Yana auna shi da farashin buhun dawa, da layin asibiti, da ko ɗansa ya koma aji. Kafin yaƙi ana sayen dalar Amurka a kan fam 600 ko ƙasa da haka. A 2025 ta haura fam 3,000 a kasuwar bayan fage. Tafiyar nazihin ba ta dawo da darajar fam ba, ba ta kuma sa albashin malami ya isa kai shi ƙarshen wata ba. Ciwon yana nan, kuma mai ciwo yakan nemi wanda zai ɗora wa laifi.

Wani dalilin shi ne su wa suka tafi, su wa suka rage. Mai gida a Madani da ɗan abin hannu shi ya fara komawa. Wanda aka ƙone wa gida, da gwauruwa mai marayu, da ɗan Humera wanda har bayan yarjejeniyar Pretoria ta Nuwamban 2022 ba shi da hanyar komawa yammacin Tigray, su ne suka tsaya. Jimillar baƙi ta ragu, amma kason waɗanda suka fi rauni, suka kuma fi fita daban a ido, ya ƙaru a cikin waɗanda suka saura.

Sai kuma tsaro. Sojojin Sudan na zargin RSF da ɗaukar mayaƙa daga ƙasashen waje, ita kuma RSF ta zargi mayaƙan Tigray da taimakon soja. Tun da jirage marasa matuƙi suka kai hari garin Gadarif a Afrilun 2024, baƙuwar fuska ta zama abin zargi. A Yulin 2024 hukumomin jihar Khartoum suka ba baƙi kwana 15 su fice, a watan ne kuma ƙungiyar Human Rights Watch ta yi gargaɗi kan halin da 'yan gudun hijirar Habasha ke ciki a Gadarif. Jama'a har sun raɗa wa abin suna, “dokar baƙuwar fuska”, wato tsare mutum saboda kamanninsa ko harshensa ko garin da aka rubuta a katinsa. A irin wannan yanayi mai mulki ba ya samun tafi don ya ce baƙi sun ragu. Yana samun tafi ne idan an gan shi yana kamawa yana kora.

Amma Gadarif tana da wata buƙatar da ke ja da wannan. Tun tsakiyar shekarun 1940, da aka fara noman inji a yankin Gadambaliya, arzikin jihar dawa ne da riɗi. Riɗi kuwa ba ya jira. In ya nuna ba a yanke shi cikin 'yan kwanaki ba, sai kwanson ya fashe ya zube ƙasa. Manyan manoma sun dogara da hannun 'yan ƙwadagon Habasha masu shigowa ta Gallabat. Da aka rufe mashigar a farkon Satumban 2024, bayan mayaƙan Fano sun shiga Metema da ke tsallake, gab da kaka ne. Mutumin da ke ƙorafin baƙi sun yi yawa a gari, shi ne zai koka da ƙarancinsu a gona.

Agadez: inda raguwar ta jawo fushi

A Nijar labarin ya zo a juye. Ranar 26 ga Mayun 2015 aka kafa doka mai lamba 2015-36 wadda ta haramta safarar baƙin haure. Bayan taron Valletta na Nuwamban 2015 da kuɗin da Tarayyar Turai ta ware, aka fara aiki da dokar gadan-gadan a 2016, lokacin Mohamed Bazoum na ministan cikin gida. Aka kama direbobi, aka ƙwace motoci. Masu ƙidayar IOM a Seguedine da Arlit sun ga fiye da mutum 330,000 sun nufi arewa a 2016. A 2017 ba su kai 70,000 ba.

A Brussels an yi murna. A Agadez kuwa direba, da mai masauki, da mai sayar da jarkar ruwa, da mai canjin kuɗi, duk sun rasa abin yi, tallafin da aka yi alkawarin bayarwa don sauya sana'a kuma bai kai ga mafi yawansu ba. Alƙaluman ma sun zo da gardama. Hukumar Tarayyar Turai ta yi shelar cewa masu wucewa sun faɗi daga 70,000 a Mayun 2016 zuwa 1,500 a Nuwamba, daga baya aka gano kuskuren lissafi ne, adadin ya haura 11,000. Ban da haka, wurin ƙidaya yana ganin wanda ya bi ta gabansa ne kawai. Direbobi sun koma bin hanyoyin da ba rijiya, ba shinge. A tsakiyar 2017 aka tsinci gawar mutum 44, akasarinsu 'yan Ghana da Najeriya, waɗanda ƙishirwa ta kashe bayan motarsu ta lalace a hamada.

Fushin ya yi shekaru yana taruwa har ya sami mai amfani da shi. Wata huɗu bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, Janar Abdourahamane Tiani ya soke dokar ranar 25 ga Nuwamba. A Agadez an yi maraba da matakin, Tarayyar Turai kuma ta nuna damuwa. Raguwar da aka yi alfahari da ita a wata nahiya ta zama abin da sabuwar gwamnati ta nemi farin jini da rushe shi a gida.

Birtaniya: adadi ya sauka, Reform ta hau

Abin da ya jawo faɗuwar a Birtaniya sananne ne. Daga Janairun 2024 aka hana mafi yawan ɗaliban ƙetare zuwa da iyalansu. A Maris aka yi wa ma'aikatan kula da tsofaffi haka. A Afrilu aka ɗaga mafi ƙarancin albashin da ake buƙata don bizar aiki daga fam 26,200 zuwa 38,700. 'Yan Najeriya na cikin waɗanda abin ya fi taɓawa, domin a 2022 su suka fi kowa samun bizar iyalan ɗalibai, fiye da 60,000, ga kuma faɗuwar darajar naira tun Yunin 2023 da ta sa kuɗin makaranta ya gagari da yawa.

Gwamnatin Conservative ce ta kafa waɗannan dokoki, ta kuma sha kaye a zaɓen Yulin 2024. Gwamnatin Labour ce ta ga sakamakon, ita ma bai amfane ta ba. A zaɓen ƙananan hukumomi na 1 ga Mayun 2025 jam'iyyar Reform ta Nigel Farage ta lashe kujeru fiye da 670, ta kuma ci gaba da zama kan gaba a ƙuri'un jin ra'ayi. Ranar 12 ga Mayu Firaminista Keir Starmer ya gabatar da sababbin matakai, har da shirin mayar da jiran takardar zaman dindindin daga shekara 5 zuwa 10, ya yi gargaɗin kada ƙasar ta zama tsibirin baƙi, kalmar da daga baya ya ce ya yi nadamar furtawa. Binciken da cibiyar British Future ta wallafa a Nuwamban 2025 ya nuna fiye da rabin waɗanda aka tambaya sun ɗauka rarar ƙaura ƙaruwa ta yi.

Dalilin ya yi kama da na Gadarif. Ɗalibar da ba ta zo ba, ba wanda ya gan ta. Abin da talabijin ke nunawa kullum shi ne ƙananan kwale-kwale masu tsallaka teku daga Faransa, waɗanda suka kawo kusan mutum 37,000 a 2024, da otal-otal da ake ajiye masu neman mafaka, irin wanda aka yi ta zanga-zanga a gabansa a Epping a Yulin 2025. Su ƙaramin kaso ne na masu shigowa, amma su ke cika ido. Tun 2010 David Cameron ya yi alkawarin mayar da rara ƙasa da 100,000, ba a taɓa cikawa ba a zamaninsa, jama'a kuma suka daina yarda da lissafin gwamnati.

Ina Bahaushe a cikin lissafin?

Hausawan Sudan ba sa cikin alƙaluman baƙin ƙetare. Kakanninsu mahajjata ne da manoma da malamai. Wasu sun biyo Muhammadu Bello Mai Wurno bayan an kashe mahaifinsa, Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya, a Burmi a 1903, suka kafa garin Mai Wurno a bakin Shuɗin Nilu. Wasu sun zo aikin auduga bayan buɗe gonakin Jazira a 1925. Guminsu na cikin dawar Gadarif.

Sai dai doka ta daɗe tana yi musu ƙafar ungulu. Dokar zama ɗan ƙasa ta 1957 ta nemi mutum ya nuna shi ko kakanninsa na wajen uba suna zaune a Sudan tun 31 ga Disambar 1897, ranar da ta riga zuwan mutanen Mai Wurno da 'yan shekaru. Dokar 1994 ta matso da ranar zuwa 1 ga Janairun 1956, amma kallon da ake yi wa mutane bai sauya da saurin takarda ba. A Oktoban 2008 wata jaridar Khartoum ta jingina wa Shugaba Omar al-Bashir maganar cewa Hausawa ba 'yan ƙasa ba ne. Fadarsa ta musanta, amma sai da Hausawa suka fito zanga-zanga a Gadarif, aka yi arangama da 'yan sanda, aka rasa rayuka. A Yulin 2022 rikicin jihar Shuɗin Nilu ya taso ne kan ko Hausawa na da haƙƙin sarautar gargajiya da ƙasa, ya ci ɗaruruwan rayuka kafin ƙarshen Oktoba, Hausawan Kassala da Gadarif da Khartoum suka cika tituna.

'Yan'uwa na yamma sun san irin wannan. A Nuwamban 1969 gwamnatin Busia a Ghana ta ba baƙi marasa takarda mako biyu su fice, zanguna suka yi ta watsewa, har da waɗanda a can aka yanke musu cibiya. A Janairun 1983, farashin mai ya faɗi, zaɓe na tafe, gwamnatin Shagari ta kori baƙi kusan miliyan biyu daga Najeriya. A duka biyun tattalin arziki ne ya tsuke, baƙo kuma shi ne mafi sauƙin nunawa da yatsa. In gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa.

Tambayoyin da ya kamata a yi

Duk sanda aka karanto adadin baƙi a rediyo ko aka yaɗa shi a Facebook da WhatsApp, a tambaya su wa aka ƙirga, 'yan ƙasa masu gudun yaƙi ne, ko 'yan gudun hijira, ko 'yan ƙwadago. A tambaya adadin waɗanda ke nan ne, ko na waɗanda suka shigo a wata shekara, ko kuwa rara ce. A duba wa ya ƙirga, a ina ya tsaya, wace hanya ce bai gani ba. A Sudan ƙidayar jama'a ta ƙarshe an yi ta ne a 2008, kafin ɓallewar Kudu, saboda haka duk wanda ya ce baƙi kashi kaza ne na jama'ar wata jiha, a tambaye shi da wace jimilla ya raba.

Ga Hausawan Sudan akwai aikin da bai kamata ya jira ranar tsanani ba. A shingen bincike ba a tambayar tarihin Mai Wurno, lambar ɗan ƙasa ake tambaya, wato raƙam watani da aka fara bayarwa a 2011. Iyalai da yawa sun bar takardunsu a Khartoum da Jazira da Sinja lokacin gudu, an kuma haifi yara a makarantu da sansanoni ba tare da takardar haihuwa ba. Masu unguwanni da limamai da ƙungiyoyin matasa na iya tattara sunayen waɗanda ba su da lamba, su raka su ofishin rajista tun dattawan dangin uba da za su tsaya musu shaida suna raye.